Na sa makaho ya gwada manhajarmu ya kasa shiga, yanzu wanda ya samo min aikin ya daina min magana

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani, mu bakwai ne gaba ɗaya, muna haɗa manhajar waya da mutum zai riƙa kama layin ganin likita daga gida. Ni ce mai zana fuskar manhajar, to da ya rage sati uku a sake ta sai oga ya ce in samo mutane su gwada mana. Na samo mutum shida. Huɗu a cikinsu suka maƙale a wajen zaɓen rana, wata dattijuwa ta ce rubutun dishi-dishi take ganinsa, sai wani bawan Allah makaho da yake amfani da TalkBack, wato mai karanta allo da ke faɗa wa makaho abin da ke kan fuskar waya da murya, wallahi Anti ko shiga bai iya yi ba, duk inda ya taɓa sai wayar ta ce masa madanni kawai babu suna, lambar da ake turowa ta saƙo kuma kafin ya gama saurara ya rubuta lokacinta ya ƙare. Minti ashirin yana fama, ƙarshe ya ce min ƙila shi ne bai iya ba. Kamar in yi kuka, na ce masa insha Allah za mu gyara.

A daren na tura bidiyonsa gurup ɗin ofis na rubuta cewa manhajar nan ba ta aiki. Wanda ya rubuta kod ɗin, wato umarnin da ke sa manhajar aiki, kuwa shi ya samo min aikin, Yaya nake ce masa, wata takwas yana fama da ita. Ya ce mutum shida ai ba bincike ba ne, kuma makafi nawa ne za su yi amfani da ita. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Oga kuma ya kira ni ya ce in cire batun makahon daga rahoto saboda masu zuba kuɗi za su gani, a bari sai bayan an saki. Ni dai na rasa yadda zan yi, in cire ne, in ba Yaya haƙuri ne alhali gaskiya na faɗa, ko in ajiye aikin kawai?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne inda bawan Allahn nan ya ce ƙila shi ne bai iya ba. Duk wanda ya taɓa zama gefen mutum yana kallonsa yana kokawa da abin da aka ce don shi aka yi, ya san wannan maganar, haka mutane suke yi, abu ya ƙi musu sai su ɗora wa kansu laifi. Don Norman, wanda ya yaɗa wannan fanni na tsara abu yadda mutane za su ji sauƙin amfani da shi tun yana aiki a Apple a shekarun 1990, ya daɗe yana nuna cewa yawancin abin da muke kira kuskuren mai amfani da abu kuskuren wanda ya tsara abin ne. Saboda haka zafin da kika ji a zuciyarki a kan hanya yake, kuma ba na so wannan rikicin ya kashe miki shi, don shi ne jarin duk mai wannan aiki. Sai dai akwai wuraren da zan gaya miki abin da ba lallai ya miki daɗi ba, ki yi haƙuri da ni.

Bari in fara da bidiyon, don shi ya fi gaggawa. Kin tambayi mutumin kafin ki ɗauka? In ma ya yarda da ɗauka, ya san cewa za a tura shi gurup mutane su kalle shi yana lalube yana kasawa? A ƙa'idar wannan bincike ana gaya wa wanda zai yi gwaji me za a ɗauka, wa zai gani, kuma yana da damar cewa a tsaya a kowane lokaci, wannan yardar tana gaba da duk wani sakamako da za a samu. Idan ba ki yi haka ba to yau ɗin nan ki goge shi daga gurup, ki roƙi waɗanda suka sauke su ma su goge, ki kira shi ki gaya masa abin da ya faru. Kuma minti ashirin ya yi yawa ƙanwata, in mutum ya maƙale 'yan mintoci kin riga kin ga abin da kika zo gani, sai ki ce masa mun gode wannan matsalar tamu ce, mu wuce na gaba. Tun kafin a fara ma ake ce wa mutum manhajar muke gwadawa ba kai ba, a maimaita masa in an ga ya fara damuwa.

Sai Yayanki. Ki ɗan tsaya a inda yake tsaye, wata takwas yana kan abu, ya tashi da safe ya buɗe waya ya ga yarinyar da ya kawo da hannunsa ta rubuta a gaban oga da kowa cewa aikinsa ba ya aiki. Ko wa aka yi wa haka kare kansa zai fara yi kafin ya saurara. Ga kuma abin da na lura da shi wanda ina jin ke ba ki lura ba, matsalar da ta fi kama mutane a gwajinki ita ce wajen zaɓen rana, huɗu cikin shida, kuma wannan zanenki ne. Rubutun da dattijuwar ta kasa gani, launin da kika zaɓa ne. Hatta sunayen madannan nan, a inda ake aiki da tsari mai zane ne ke rubutawa a gefen zanen cewa wannan alamar sunanta koma baya, wancan sunansa tura, sannan mai kod ya saka. Amma bidiyon da kika tura wanda ya fi nuna gazawarsa ne. Na san ba da gangan kika yi ba, shi ne ya fi taɓa miki zuciya, amma shi a idonsa ba haka abin ya fito ba.

Don haka e, ki ba shi haƙuri, kuma ki san a kan me kike bayarwa. Ba a kan abin da kika gani ba, a kan yadda kika faɗa da inda kika faɗa. Ki same shi shi kaɗai ba ta saƙo ba, ki ce Yaya na yi kuskure da na kai maganar gurup ban fara zuwa wajenka ba, kuma da na sake dubawa na ga fiye da rabin matsalolin daga zanena suke, ina neman ka taya ni mu duba tare. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma fa sai wanda ake gaya wa ya tabbata ba rabon ake nufi ba, kuma fara ambaton naki kuskuren shi zai tabbatar masa.

Yanzu maganarsa ta cewa mutum shida ba bincike ba ne. Yana da rabin gaskiya kuma gara ki san wane rabin ne. Bincike iri biyu ne a nan, akwai wanda ake yi don a gano inda mutane ke tuntuɓe, akwai wanda ake yi don a auna da lamba. Na farkon ba ya buƙatar jama'a da yawa. Jakob Nielsen da Tom Landauer sun yi lissafin wannan a 1993, daga baya a 2000 Nielsen ya yi bayanin da ya shahara cewa mutum biyar sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, saboda daga nan in kin ƙara mutane sai ki ga abu ɗaya kike ta sake gani. Shawararsa ma ita ce maimakon a tara mutum goma sha biyar a zama ɗaya gara a yi zagaye uku na biyar-biyar, ana gyarawa tsakani. To amma wannan lissafin na mutane masu kama da juna ne wajen amfani. Makaho ɗaya ba ya wakiltar makafi, dattijuwa ɗaya ba ta wakiltar tsofaffi, kowane rukuni sai an samo 'yan mutane daga cikinsa. Kuma da mutum shida ba za ki rubuta kashi kaza na masu amfani za su kasa ba, abin da za ki rubuta shi ne huɗu cikin shida sun kasa zaɓen rana ba tare da taimako ba, iyakar abin da idonki ya gani kenan. In Yaya lamba yake so, bayan an saki akwai tambayoyi goma da John Brooke ya tsara a 1986 da ake kira SUS, na auna sauƙin amfani da abu, ana ba mutane da dama su amsa a fitar da maki daga 0 zuwa 100, matsakaicin da aka saba gani wajen 68 ne, sai ku ga inda kuka faɗa.

Amma batun madanni marar suna ba ya ma buƙatar mutum shida, ko mutum ɗaya bai gwada ba matsala ce, don abu ne da ake dubawa a gani, ko akwai suna ko babu. Akwai ƙa'idojin da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar don sauƙaƙa wa masu nakasa, da ake kira WCAG, na farko a 1999, na baya-bayan nan 2.2 a 2023, an yi su ne don shafukan intanet amma da su ake auna manhajojin waya ma. Matakai uku ne da su, A da AA da AAA, kuma sa wa madanni suna yana matakin A, wato mafi ƙanƙantar abin da ake nema. Batun lokaci ma a matakin A yake, in aka sa wa abu wa'adi a ba mutum hanyar cire wa'adin ko ƙara lokaci, ko a gargaɗe shi kafin ya ƙare a ba shi damar ƙarawa. Rubutun dattijuwa kuwa akwai ma'auninsa, bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa, kuma akwai kayan aunawa kyauta, ki sa launukan biyu su ba ki lamba nan take. Kinga wannan ya fitar da maganar daga ra'ayinki ko ra'ayinsa, ta koma abin da kowa zai iya dubawa da kansa.

Shi kuma makafi nawa ne, ni wannan tambayar tana damuna duk lokacin da na ji ta, amma bari mu amsa ta da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3, kusan ɗaya cikin shida na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa, kuma aƙalla biliyan 2.2 suna da matsalar gani ta kusa ko ta nesa. Ki ɗora a kan wannan cewa manhajarku ta ganin likita ce. Su wa suka fi neman likita? Tsofaffi, masu ciwon suga da ido ya fara rauni, wanda hannunsa ke rawa, wanda zazzaɓi ya rufe yana kallon waya da ƙyar, uwa da jariri a hannu ɗaya waya a ɗayan. Mutanen da ake gani kamar su ne 'yan tsiraru su ne ainihin masu zuwa. Kuma gyaran da aka yi don su kowa yake amfana, rubutu mai fitowa sosai yana taimakon mai lafiyar ido in yana cikin rana, ƙarin lokacin lamba yana taimakon duk wanda saƙo ya makara kafin ya iso masa.

Sai dai kar ki je masa da waɗannan lambobin kamar lauya a kotu, ba za su shige shi ba yanzu. Gani ya kori ji. Bayan kun shirya ki roƙe shi minti goma, ku kunna TalkBack a wayarsa ku gwada shiga manhajar, da kunnensa zai ji tana cewa madanni, madanni, kuma irin mutumin da ya yi wata takwas a kan abu ba zai iya jin haka ya yi barci bai gyara ba. Akwai Accessibility Scanner na Google ma kyauta, yana zagaye madannan da ba su da suna da waɗanda suka yi ƙanƙanta da yatsa, Android tana ba da shawarar kar wurin taɓawa ya gaza 48 a faɗi da tsawo a ma'auninta. Amma ku sani na'ura wani ɓangare kawai take kamawa, za ta ce miki akwai suna amma ba za ta ce miki sunan ba shi da ma'ana ba. Haka mai ido in ya rufe ido na minti goma bai zama makaho ba, wanda ya shekara yana amfani da mai karanta allo yana saurare da gudun da ke ba za ki ma gane me ake cewa ba, yana da hanyoyinsa na tsallake abubuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, dole dai a koma wajensu.

Oga kuma tsoro ne ke damunsa, ba mugunta ba, yana ganin sati uku da mutanen da ke jiran albashi. Ki kai masa abin da zai rage masa tsoron. Ku zauna da Yaya ku jera matsalolin, kowace ku rubuta mutum nawa ta kama, ta hana shi gama abin da ya zo yi ne ko ta ɓata masa lokaci kawai, sannan Yaya ya faɗi kwana nawa gyaranta zai ci, shi ya faɗa ba ke ba. Ina kyautata zaton za ku ga sa sunaye a shafin shiga da canza launin rubutu da ƙara wa'adin lamba ƙananan ayyuka ne, Android ta tanadi gurbin sa sunan, har da hanyar da manhaja za ta ɗauki lambar daga saƙo da kanta. Wajen zaɓen rana ne zai fi cin lokaci don sai kin sake tunani a kansa. In aka yi waɗannan kafin ranar saki, rahoton da oga yake tsoro ya koma ga abin da muka gano, ga wanda muka gyara, ga wanda muka sa wa rana, kuma mai zuba kuɗi ya fi natsuwa da kamfanin da ya san ramukansa. Ki iya tuna masa ma cewa duniya ta fara mayar da wannan doka, a Tarayyar Turai tun watan Yunin 2025 dokar sauƙaƙa wa masu nakasa ta fara aiki a kan abubuwa irin su banki da cinikin intanet.

To in ya dage sai an cire fa? Nan ki bambance abu biyu. Taƙaita rahoto hakkinsa ne, shi ke da kamfani, yana iya cewa takardar da za a kai waje ba za ta ɗauki kowane bayani ba. Amma rubuta cewa duk waɗanda suka gwada sun yi amfani da ita lafiya, ko a mayar da shida biyar kamar mutumin nan bai taɓa zuwa ba, wannan ƙarya ce kuma kar sunanki ya hau kanta. Ki gaya masa haka cikin ladabi, ki ce Oga zan taƙaita yadda kake so amma ba zan iya canza adadin ba, kuma ina neman cikakken rahoton ya zauna a cikin gida da ranar da za a gyara. Ki tura masa wannan a rubuce bayan kun yi magana. Ajiye aiki kuwa ban ga lokacinsa ba tukuna, ba a ma gwada hanyar sulhu ba, kuma in kin tafi yau babu wanda zai sake tuna madannan nan. In wata biyu ko uku suka wuce bayan saki ba a taɓa komai ba, ko aka tilasta miki rubuta abin da ba haka ba, lokacin ne za ki fara duba wani wurin a hankali ba cikin fushi ba.

Zagaye na biyu kuma ki yi shi da tsari fiye da na farko. Kar ki ce wa mutum danna nan, ba shi buƙata kawai, ki ce ɗanka ba shi da lafiya kana son ganin likita ranar Laraba da safe, sai ki yi shiru. Ki roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani a fili yayin da yake yi, in ya tambaye ki ina zan taɓa ki ce kai ina kake ganin ya dace. Shirun nan yana da wuya, hannunki zai yi ta ƙaiƙayin taimako, amma duk taimakon da kika yi kin goge matsalar da kika zo nema. Kar ki tambayi ta yi kyau ko, kowa zai ce ta yi kyau don kar ki ji haushi, abin da hannunsa ya yi shi ne amsar. Ki bar kowa ya yi da wayarsa da ya saba da ita, ki nemo masu mai karanta allo biyu ko uku ta hanyar ƙungiyoyinsu, da mai ƙara girman rubutu, a biya su lokacinsu don ƙwarewa suka kawo muku ba alfarma kuka yi musu ba. Yaya ya zauna a bayan ɗaki yana rubutu, da sharaɗin ba zai yi bayani ba ko sau ɗaya.

Shi kuma bawan Allahn nan da kika ce wa za ku gyara, kar ki bari ya ji shiru. In kin kira shi kan batun bidiyon ki gaya masa a fili cewa ba shi ne bai iya ba, madannan ne ba a sa musu suna ba, ki ce ba ki da ikon yi masa alkawarin rana amma kin kai maganar, sannan ki tambaye shi ko zai yarda ya dawo in an gyara shafin shiga, kuma ko yana da wasu abokai biyu da za su zo tare da shi.